Tarken Darasin Jadawalin Sinadarai Kamar Yadda Ake Bayar da Shi da Hausa: Misali daga Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

A bisa ƙa'ida, da Turanci ake koyar da darasin kemistiri a manyan makarantun sakandare na ƙasar nan, kuma da shi hukumomin WAEC da NECO suke shirya jarrabawarsu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa gurbi ne a azuzuwan farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan gurbi ya game shekara shida na firamare, a 2025 kuma ta janye. Duk wannan kai-komo bai taɓa ajin kemistiri ba a takarda. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe alli a garin Gombe ya san abin da yake faruwa: ana rubuta darasi a allo da Turanci, idan malami ya juyo ya ga ɗalibai sun yi zuru, sai ya koma Hausa. Ke nan Hausa tana cikin ajin tun tuni, sai dai ba ta da manhaja, ba ta da littafi, babu kuma wanda ya tantance kalmomin da take aiki da su. Jerin keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da lissafi da aka shirya cikin harsunan Nijeriya tara a shekarun 1980 na firamare ne, littafin Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kuwa ya shafi nazarin harshe da adabi ne.

Wannan Hausa da malami yake ƙirƙira a tsaye ita muke son yi wa tarke a nan, kuma mun taƙaita ga darasi guda, wato jadawalin sinadarai da yadda halayen sinadarai suke sauyawa a cikinsa. Mun ɗauki Gombe ne saboda Hausa ce take haɗa Bafulatani da Batera da Batangale da Bawaje da Babole a aji ɗaya, sannan ƙasar tana da abubuwan da darasin yake magana a kansu, daga dutsen farar ƙasa na Ashaka har zuwa kanwar da ake aunawa a kasuwa. Ra'ayinmu shi ne, rashin sunan Hausa ga sodiyam ko kalsiyam ba shi ne ciwon wannan darasi ba. Ciwon yana cikin tsofaffin kalmomin da ake ɗora wa nauyin da ba nasu ba.

2.0 Abin da jadawalin yake faɗa

Tun da yake da yawa daga masu karanta wannan rahoto malaman harshe ne, ya dace a fara da ɗan bayani. Dimitiri Mendeleyef, masani ɗan ƙasar Rasha, shi ya fitar da jadawalin a 1869, lokacin da sinadarai 63 kawai aka sani. Ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, sai ya lura cewa halaye iri ɗaya suna dawowa bayan kowane zango, kamar yadda ranar kasuwa take zagayowa. Inda jerin ya nuna akwai giɓi sai ya bar gurbi, ya kuma faɗi halin abin da zai cike shi. Da aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886, sai aka tarar sun yi daidai da abin da ya faɗa. A 1913 Henri Mozli na Ingila ya nuna cewa yawan furoton da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra shi ne ainihin ma'aunin jerin. A yau sinadarai 118 ne a jadawalin, na ƙarshensu sun sami sunayensu a 2016.

A wannan rubutu za mu kira layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa gida, wanda ya gitta daga hagu zuwa dama kuma sahu. 'Yan gida ɗaya suna da adadin ilektiron iri ɗaya a zoben waje na ƙwayar zarrarsu, shi ya sa halinsu yake zuwa ɗaya. Litiyam da sodiyam da fotasiyam, 'yan gida na ɗaya, ilektiron ɗaya tak ne da su a waje, kuma duk harkarsu ta rabuwa da shi ce. Yayin da aka yi ƙasa a cikin gidan, zobba suna ƙaruwa, ilektiron na waje yana ƙara nisa da cibiya, zobban ciki kuma suna kare shi daga janta, don haka ɓamɓare shi yana ƙara sauƙi. An auna wannan: litiyam yana bukatar kilojul 520 a kowane mol, sodiyam 496, fotasiyam 419. Saboda haka ne idan aka jefa su cikin ruwa litiyam yake tsuwa a hankali, sodiyam ya narke ya dunƙule yana zagaye a kan ruwan, fotasiyam kuwa ya kama da wuta nan take. Idan aka bi sahu na uku daga hagu, sodiyam ya fi magniziyam sauƙin sakin ilektiron, magniziyam kuma ya fi alminiyam shiga ruwa da asid. A can dama kuwa kulorin karɓar ilektiron yake nema, agon da ke ƙarshen sahun zobensa a cike yake, ba ya bayarwa ba ya karɓa. Wannan shi ne zuciyar darasin. Sauran duk rassa ne.

3.0 Sinadari da ƙarfi da martani

Kalmar farko da take kawo cikas ita ce sinadari kanta. Asalinta a wurin maƙera take, wato abin da ake liƙa ƙarfe da shi, daga baya rediyo da jaridu suka faɗaɗa ta har ta kai ga ana cewa sinadarin ɗanɗano, sinadarin wanke banɗaki, sinadarin gina jiki. Faɗaɗar ba laifi ba ce, haka harshe yake girma. Amma a ajin kemistiri akwai bambancin da komai ya rataya a kansa, wato tsakanin abin da ƙwayoyin zarrarsa duk iri ɗaya ne, kamar oksijin ko zinariya, da abin da ya samu daga haɗuwar iri biyu ko fiye, kamar ruwa ko gishiri. Idan malami ya kira dukkansu sinadari, ɗalibin da ya tambayi dalilin da ya sa bai ga gishiri a jadawalin ba yana da gaskiya. Muna ganin a ce sinadari tilo ga na farko, haɗaɗɗen sinadari ga na biyu, a bar gauraye ga abin da aka cakuɗa kawai kamar yashi da gishiri. Bahaushe ma yana da karin maganar da ta dace da wurin: albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sodiyam ƙarfe ne da yake tayar da hankali a cikin ruwa, kulorin iska ce mai guba, amma ɗansu gishiri da shi ake miya.

Kalma ta biyu ta fi wannan ɓarna. Idan malami ya zo bayyana cewa wani ƙarfe ya fi wani saurin shiga haɗi, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ita ce ƙarfi. Sai a ji ya ce sodiyam ya fi ƙarfe ƙarfi. Yaron da ya tashi yana ganin rodi da ƙusa da garma ba zai fahimci wani abu ba face tauri, alhali sodiyam da wuƙa ake yanka shi, yana yawo a kan ruwa, kuma yana narkewa a digiri 98 na ma'aunin Salshiyas, wato kafin ruwa ya tafasa. Abin ya ƙara dagulewa saboda ƙarfe a Hausa suna ne na jinsi duka, kuma suna ne na ɗaya daga cikinsu. Wannan na biyun gyaransa mai sauƙi ne tun da harshen yana da baƙin ƙarfe, sai dai a tilasta amfani da shi duk lokacin da ake nufin Fe. Amma ƙarfi ba ta da gyara, fitar da ita daga darasin ya kamata a yi.

Wasu kuma, musamman masu fassara a intanet, sukan ce martani. Wannan fassarar ɗakin labarai ce, inda gwamnati take mayar da martani ga 'yan adawa, kuma ba ta ce komai ba game da abin da yake faruwa a cikin kwalba. Abin da yake faruwa shi ne wasu abubuwa suna gushewa, wasu sababbi masu halaye daban suna bayyana. Kalmar Hausa da ta fi kama wannan ita ce rikiɗa. Don haka muke ba da shawarar rikiɗar sinadarai, da kuma sauƙin rikiɗa ga halin da ake kwatantawa a jadawalin. Mun san za a ce kalmar tana da ƙanshin tatsuniya, ta mutum ya rikiɗa ya zama kura. Mun yarda da hakan, sai dai ba mu sami wadda ta fi ta ba, kuma gamuwa ko haɗuwa da wasu suke so ba za su ɗauki rikiɗar da abu ɗaya yake tsagewa gida biyu ba, irin wadda za mu gani a Ashaka. Mun zaɓi sauƙi a kan sauri da gangan, domin akwai ƙarfen da yake da sauƙin rikiɗa amma ido ba ya ganin saurinsa, kamar yadda bayanin alminiyam zai nuna.

4.0 Kanwa ba fotasiyam ba ce

A Turancin kasuwa na Nijeriya fotash ake kiran kanwa, kuma fassarar ta bi jiki har ta shiga rubuce-rubuce da yawa. Malamin da yake neman abin da zai kusanto wa ɗalibi da fotasiyam sai ya ce ai sinadarin kanwa ne. Wannan kuskure ne tsantsa. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga gaɓar Tafkin Cadi da ƙasar Manga ta Jamhuriyar Nijar, ja ce ko fara ko ungurnu, mafi yawan abin da ke cikinta kabonet da baikabonet ne na sodiyam, gauraye da gishiri da yashi da wasu abubuwa. Fotash na gaskiya shi ne abin da ake samu idan aka tace ruwan toka aka ƙafar da shi, wato kabonet na fotasiyam, wanda mata suke yin sabulun salo da shi, wasu kuma su sa a miya. Kalmar ma a harsunan Turai ma'anarta tokar tukunya. Alamomin da ke jadawalin sun riƙe wannan tarihi: Na daga naɗrun ne, sunan kanwa a Larabci, wanda har akwai kwarin da ake kira da shi a Masar, K kuwa daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai, wadda ita ce kuma ta haifi alkali.

Ana iya fahimtar dalilin ruɗanin, kuma dalilin kansa darasi ne. Sodiyam da fotasiyam maƙwabta ne a gida na ɗaya, don haka kanwa da toka aikinsu ɗaya ne a tukunya: suna tausasa wake, suna kashe tsami. Idan aka matsa lemon tsami ko aka zuba ruwan tsamiya a kan kanwa za a ga kumfa tana tashi, iskar kabon dayokzaid ke nan, kuma duk wanda ya san karin maganar nan ta kanwa ta kar tsami ya riga ya san rabin babin asid da alkali. Babu misalin 'yan gida ɗaya da ya fi wannan kusa da ɗalibin Gombe. Amma kamanni ba ya mayar da abu biyu ɗaya. Mai hawan jini da likita ya ce ya rage sodiyam, idan an koya masa a makaranta cewa kanwa fotasiyam ce, zai rage gishiri ya ci gaba da shan kunun kanwa hankali kwance. Haka ɗan manomin da ya ga harafin K a buhun takin zamani zai ɗauka kanwa ce amfanin gona yake bukata, alhali sodiyam mai yawa ɓata ƙasar noma yake yi.

Gwajin da zai raba gardama ba ya bukatar ɗakin gwaji. A barbaɗa garin kanwa a kan shuɗin harshen murhun gas, zai koma rawaya shar, alamar sodiyam ke nan. Na fotasiyam launin shunayya ne mai haske, amma ya kamata malami ya sani tun da wuri cewa ɗan sodiyam kaɗan a cikin toka yakan rufe shi, don kada ya yi wa ɗalibai alkawarin abin da ba lallai su gani ba.

5.0 Dalma

Matsalar dalma ta fi ta kanwa haɗari. A ƙamus, dalma ita ce ƙarfen nan mai nauyi da laushi wanda alamarsa Pb, lambarsa 82. A kasuwa kuwa tukunyar da ake zubawa da narkakken alminiyam ita ake kira tukunyar dalma. Alminiyam lambarsa 13, yana gida daban, kuma dalma ta ninka shi nauyi fiye da sau huɗu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Tun daga lokacin gubar dalma ta zama magana a bakin kowa. To, me ɗalibi zai fahimta idan aka ce masa dalma guba ce, ya koma gida ya tarar da ita ake dafa masa tuwo? Ko dai ya tsorata da abin da ba shi ne ba, ko ya raina gargaɗin gaba ɗaya. Wani abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne binciken da aka yi a wasu ƙasashe, ciki har da Kamaru, ya nuna tukwanen da aka zuba da tarkacen ƙarafa sukan saki dalmar gaske a cikin abinci. Ba za a iya yin wannan bayani ba sam idan sunan abu biyun ɗaya ne. Haka kuma tozalin dutse, wanda aka saba fassarawa da antimoni, galibinsa haɗin dalma ne da farar wuta. A aji dai, dalma ta tsaya ga Pb kaɗai, alminiyam ya riƙe sunansa.

6.0 Abin da sunayen ƙarafa suka adana

A nan ne muke ganin ake asarar babbar dama. Littattafan kemistiri suna kawo jerin ƙarafa daga mafi sauƙin rikiɗa zuwa mafi taurin kai: fotasiyam, sodiyam, kalsiyam, magniziyam, alminiyam, tutiya, baƙin ƙarfe, kuza, dalma, tagulla, zaiba, azurfa, zinariya. Akan sa ɗalibai su haddace shi kamar karatun aku. Amma duk wanda ya karanta jerin da Hausa zai ga wani abu da mai karanta shi da Turanci ba zai lura da shi da sauri ba: biyar na farko duk baƙin sunaye ne, takwas na ƙarshe kuma duk suna da tsofaffin sunaye a harshen. Iyakar ba ta faɗo a nan bisa tsautsayi ba. Daidai wurin ne kabon, wato gawayi, yake shiga jerin.

Zinariya ba ta rikiɗa, shi ya sa ake samunta tsurarta a cikin yashi da dutse. Tagulla da dalma da kuza da baƙin ƙarfe a haɗe ake samunsu da oksijin ko farar wuta, amma riƙon bai kai wanda gawayi da zugazugi za su kasa kwancewa ba. Saboda haka ne aka narka tama a Taruga, a yankin al'adun Nok, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kuma narka kuza a Riruwai tun kafin zuwan Turawa. Waɗanda suke sama da kabon kuwa, wutar maƙera ba ta iya raba su da abokan haɗinsu, sai da lantarki ya zo. Hamfiri Debi na Ingila ya ware fotasiyam da sodiyam a 1807, kalsiyam a 1808. Alminiyam, wanda ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 8 cikin ɗari, bai yi araha ba sai bayan 1886. Ke nan babu harshen da yake da tsohon suna ga sodiyam a duniya, har da Turancin kansa. Malamin da yake jin kunyar cewa Hausa ba ta da kalmar, da mai ƙirƙirar kalmomi da yake wahalar da kansa wajen samo ta, duk sun yi wa tarihin mummunar fahimta. Aro ne ya dace, kuma ba sabon abu ba ne: zinariya daga dinari take, zaiba da tutiya daga Larabci, azurfa daga harshen Buzaye. Aron yana da wata fa'ida, wato ɗalibi zai gane sunan idan ya ci karo da shi a takardar jarrabawa. Abin da ya rage ga wannan Cibiya shi ne daidaita rubutun, don kada wannan ya rubuta sodiyam wancan ya rubuta sodiyom.

Kamfanin siminti na Ashaka, a Ƙaramar Hukumar Funakaye kusa da Bajoga, wanda ya fara aiki a 1979, misali ne na wannan iyaka a aikace. Dutsen farar ƙasa kabonet ne na kalsiyam. Idan aka gasa shi zuwa wajen digiri 900 sai ya tsage biyu, kowane giram 100 ya ba da giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iskar kabon dayokzaid. Tanderun siminti yakan kai wajen digiri 1,450, kuma an daɗe ana hura na Ashaka da kwal ɗin Maiganga na Ƙaramar Hukumar Akko. Duk da wannan wuta, ba a taɓa ganin ƙarfen kalsiyam ya malalo daga tanderun ba, domin ya riƙe oksijin ɗinsa gam. Kabonet na magniziyam, wanda yake sama da kalsiyam a gida na biyu, yana tsagewa a zafin da bai kai haka ba, na sodiyam kuwa ba ya tsagewa a irin wutar da ake da ita a makaranta. Ɗaliban da suke ganin tireloli ɗauke da buhunan siminti a hanyar Bajoga sun cancanci a gaya musu cewa gida na biyu na jadawalin ne yake wucewa.

Alminiyam shi ne yake neman ƙaryata jerin, kuma ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya: idan ya fi baƙin ƙarfe sauƙin rikiɗa, me ya sa tukunya ba ta tsatsa? Amsar ita ce ta riga ta rikiɗa. Da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta okzaid ta rufe shi, kuma ba ta ɓarewa kamar tsatsa. Alkali yana cin wannan fata, shi ya sa kanwa take dusashe cikin tukunyar. Da an ce sauri maimakon sauƙi, da wannan tambaya ta kayar da malamin.

7.0 Rabin gaskiya

Akwai jimla guda da ta zama kamar take a bakin masu shirin jarrabawa, wato abin yana ƙaruwa idan aka yi ƙasa. Ga ƙarafan gida na ɗaya da na biyu haka ne. Ga fulorin da kulorin da buromin da aidin kuwa akasin haka ne, domin su ilektiron bakwai ne da su a waje, neman na takwas suke yi, kuma wanda zobensa ya fi kusa da cibiya shi ya fi iya fizgo shi. Fulorin da ke sama ya fi kowa, aidin da ke ƙasa ya fi sanyi, shi ya sa kulorin yake korar aidin daga haɗinsa amma aidin ba ya korar kulorin. Hausa tana da abin da za ta warware wannan cikin sauƙi idan aka raba mabayar da makarɓa tun farko: dalili ɗaya ne, wato nisa daga cibiya, amma abin da yake sauƙaƙa wa mai bayarwa shi yake wahalar da mai karɓa.

Wannan gida ma ba baƙo ba ne a Gombe. Da kulorin ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo irin wanda ake turowa garin daga Dadin Kowa. Aidin yana cikin gishirin leda don maganin maƙoƙo. A yankin Kaltungo kuma bincike ya nuna fulorid a ruwan wasu rijiyoyi ya zarce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, abin da yake sa haƙora su yi dabbare-dabbare. A nan ma sai an kiyaye bambancin tilo da haɗaɗɗe, domin fulorin iska ce, abin da ke cikin rijiya kuwa fulorid ne.

8.0 Ga masu tsara manhaja

Ba za mu zargi manhajar NERDC da rashin kawo waɗannan batutuwa ba, kusan dukkansu suna ciki. Ƙorafinmu a kan jeri ne. A tsarin da makarantu suka daɗe suna bi, ana haddace sinadarai ashirin na farko a aji ɗaya na babbar sakandare, a zo ga jadawali a aji biyu, ƙarafa da yadda ake tace su kuma sai a aji uku, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Ta haka ɗalibi yake haɗuwa da dalili shekara guda kafin ya ga abin da dalilin yake bayyanawa. Muna ganin a jawo jerin ƙarafa ya zauna kusa da jadawali, ko ma ya riga shi, tun da shi ne ɓangaren da yaro ya zo da saninsa daga gida.

Littattafai sun fi son misalin jefa sodiyam a ruwa. Makarantu da yawa ba su da sodiyam ɗin, inda yake kuma ba ma ba da shawarar a yi shi a aji mai cunkoso ba tare da kariya ba. Ƙusa uku da ruwan gishiri sun isa. A bar ɗaya haka nan, a naɗe ta biyu da wayar tagulla, ta uku kuma a manna mata ɓallin tutiya, a ajiye su kwana biyu ko uku. Mai tagulla za ta riga sauran tsatsa, mai tutiya kuwa za ta daɗe fes, domin tutiya tana sama da baƙin ƙarfe a jerin, ita take rikiɗa a madadinsa. Wannan shi ne sirrin kwanon rufi, wanda baƙin ƙarfe ne aka yi wa rigar tutiya, kuma shi ne dalilin da ya sa tsohon kwano yake yin ja bayan rigar ta cinye.

Kalmomin da muka kawo a nan, wato tilo da haɗaɗɗe da rikiɗa da gida da sahu, shawara ce, ba a gwada su a aji ba tukuna. Wurin gwajin yana nan kusa: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe, inda ake horar da malaman kimiyya, da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004. Sharaɗinmu shi ne a haɗa malamin kemistiri da malamin Hausa a zama ɗaya, kuma a gwada kalmomin a kan ɗaliban da Hausa ba harshen gidansu ba ce, domin Hausar kasuwa da ta unguwa suka sani, ba ta ƙamus ba. Tutiya da zaiba, alal misali, tsofaffin kalmomi ne, amma yaro a Jekadafari ko Pantami zai iya kai aji biyu na babbar sakandare bai taɓa jin ɗayansu ba. Idan gwaji ya nuna haka, sai takardar jagoran malami ta tanadi layi guda na gabatar da kowace, da ɓallin kwano ko tsohon ma'aunin zafin jiki a hannun malamin.